A Yi Lissafi Kafin A Yanke Waya

Duk wanda ya tsaya bakin hanya a Garki, ko Ringim, ko Dutse, da wuya ya daɗe bai ji wata mota ta wuce tana rugugi kamar tsawa ba. Wannan rugugi daga wata babbar lasifika ya ke fitowa, wadda samari ke kira wufa. A kan ajiye ta a bayan mota, a haɗa ta da akwatin ƙara murya, watau amfilifaya. Yau ba mu zo don mu yi wa kowa faɗa a kan kiɗa ba. Abin da ya dame mu shi ne dukiyar da ke ƙonewa saboda rashin ɗan lissafin da ko ɗan firamare ya iya.

Ga yadda abin ya ke. Kowace lasifika tana tare wutar da ke shigarta gwargwado, ma'aunin wannan tarewa kuwa shi a ke kira om. Sunan wani malamin makaranta ne na ƙasar Jamus, Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idar a 1827. Galibin lasifikun mota om 4 ne. To, a nan mutane ke ruɗewa, gama in adadin om ya ragu, nauyin da ke kan amfilifaya ƙaruwa ya ke yi. Misalinsa randa ce mai huda: in hudar ta zama biyu, ruwan da ke zuba sai ya ninka, mai ɗibar ruwa kuma ya sha wuya.

In aka haɗa lasifika biyu masu om 4 a jere, kamar raƙuman ayari, wuta ta fita daga ta fari ta shiga ta biyu, sai su zama om 8. Wannan ba ya ɓata kome, sai dai murya ta ragu. Amma in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, jar waya da ja, baƙa da baƙa, sai su koma om 2. In huɗu ne a haka, om 1 ke nan. Wata wufar ma naɗin waya biyu gare ta a ciki, saboda haka ita kaɗai tana iya zama om 8 ko om 2, gwargwadon yadda aka haɗa ta.

Masu ƙera amfilifaya kuwa su kan rubuta mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka. Wadda aka rubuta wa 2, in aka ɗora mata 1, za ta yi ta zuƙar wutar da ta fi ƙarfinta har ta yi zafi. In an yi sa'a ta kashe kanta, in ba a yi ba sai hayaƙi. Haka nan in aka gama bakunanta biyu suka ciyar da wufa ɗaya, kowane gefe rabin om ɗin ya ke gani, watau mai ɗaukar 2 a kowane gefe tilas a ba ta 4.

Hatsarin bai tsaya ga amfilifaya ba. Batirin mota bolt 12 ne, saboda haka amfilifaya mai wat 500 tana iya jan wutar da ta haura amfiya 40. Siririyar waya ba ta ɗaukar wannan, balle a zafin bazara irin namu. Wajibi ne a sa mai kauri, a kuma sa fis kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya. Wanda ya maye fis da guntuwar waya don arha, to, ya sani arha ba ta ado, mota kuwa fetur ta ke ɗauke da shi, da rayukan mutane.

Muna roƙon malaman makaranta su kawo irin wannan misali cikin darasin lissafi. Yaron da ya ga tarawa da rabawa suna tsare dukiyar ubansa ba zai sake tambayar amfanin karatu ba. Makarantun koyon sana'a na Dutse da Kazaure kuma, ya kamata su riƙa jawo masu gyaran wutar mota a jika, gama da yawansu da hannu suka koya, ba da alƙalami ba, ba kuwa laifinsu ba ne.

Ku kuma akawuna, ku ne ke rubuta takardar biyan kuɗi in za a sa lasifika a motar shela ta ƙaramar hukuma. Kafin ku sa hannu ku tambayi abu uku: om nawa aka haɗa, nawa amfilifaya ke ɗauka, ina kuma fis ya ke. In an sayo kayan daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, kada babban adadin wat da ke jikin kwali ya ruɗe ku, ku nemi wanda aka rubuta wa RMS, shi ne ƙarfin da na'ura ke iya jurewa. Matambayi ba ya ɓata, dukiyar jama'a kuwa amana ce. Allah ya sa mu gane.