Aikin Kamfanonin Waje Ci-Rani Ne, Kada a Sayar da Gona Dominsa

A arewacin Jihar Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Dambatta, Makoɗa da Kunci, gona ta yi wa jama'a kaɗan. Rabon gado ya yanka filaye gunduwa-gunduwa, har ta kai gida mai samari biyar ba shi da inda kowa zai noma. Shi ya sa ido ya koma kan kwamfuta: yaro ya koyi rubuta manhaja, kamfanin Amurka ko Ingila ya ɗauke shi aiki yana zaune a gida, a riƙa biyansa da dala. Idan ta kama a jinginar da gona a saya masa laftof da sola, da yawa ba za su ga laifin hakan ba.

Burin yana da tushe. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, don haka albashin da Ba'amurke zai raina dukiya ne a Bichi. Amal Hassan, 'yar Kano, ta kafa kamfanin Outsource Global da ke yi wa kamfanonin waje aiki daga Abuja da Kaduna. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan 3, sannan a watan Maris na 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya buɗe wani shiri a Gombe na jawo irin waɗannan ayyuka.

Sai dai kafin a taɓa gona, ya kamata a san abin da ya kawo aikin. Kamfani yana tura aikinsa wata ƙasa ne domin ya rage kashe kuɗi. Lissafin da ya sa aka sallami injiniya a Amurka aka ba ɗan Najeriya kujerarsa, shi ne zai sa a sallami ɗan Najeriyan ranar da aka samu mai araha a wani wuri, ko manhajar da za ta yi aikin.

Hakan ya riga ya faru. Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa ya haɗa su da kamfanonin waje, ya sallami ƙananan injiniyoyi fiye da 400 a Najeriya, Kenya da Yuganda a watan Satumban 2019, saboda abokan cinikinsa gogaggu suke nema. A Nuwamban 2022, bayan Elon Musk ya sayi Twitter, an sallami kusan duk ma'aikatan ofishinsa na Akara a Ghana, kwanaki kaɗan da buɗe shi. A Maris na 2024 dandalin Remotasks ya rufe ƙofa ga masu aiki daga Kenya da Najeriya ba shiri. Watanni biyu bayan haka Microsoft ya sanar da rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas.

Duk waɗannan shawarwari a nesa aka yanke su, kuma ba lalacin ma'aikata ne ya jawo su ba. Wanda aka ɗauka a kwantiragi ta intanet ba shi da fansho, ba shi da ƙungiyar ƙwadago, kuma da wuya ya iya kai ƙarar kamfanin da ba shi da ko ofis a ƙasarsa. Ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su kuwa, su ne manhajoji irin su GitHub Copilot da ChatGPT suka fi saurin kwashewa. Ɗan karkara yana da ƙarin nauyi: wutar KEDCO ba tabbas, sabis ma yana ɗaukewa, shi kuwa mai ba da aiki ba ya jin uzuri.

Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin maganin irin wannan aiki, domin sun san ci-rani. Mai ci-rani yakan tafi Kano ko Legas bayan girbi, ya samo kuɗi, ya dawo kafin ruwa ya sauka. Bai taɓa ɗaukar can a matsayin gida ba, kuma abin da ya samo a gona da dabba yake zuba shi. Haka ya kamata injiniya ya riƙe aikin waje: ya karɓa, ya yi shi da kyau, ya ajiye abin da zai riƙe shi wasu watanni idan kwantiragi ya yanke, kuma kada ya dogara da kamfani ɗaya.

Gonar injiniya ita ce abokan cinikin da ke kusa da shi. Dillalan kasuwar Dawanau masu fitar da riɗi da zoɓorodo suna buƙatar manhajar lissafin kaya da bashi. Manoman rani a madatsar Watari ta Bagwai da ta Tomas a Dambatta suna buƙatar mai haɗa musu famfon sola, ya kuma gyara idan ya lalace. Masu POS, asibitoci da makarantun yankin duk suna neman wanda ya iya na'ura kuma yana jin Hausa. Gaskiya ne kuɗin nan bai kai dala ba, wani lokaci ma sai an bi bashi. Amma injiniya daga Indiya ba zai zo Bagwai ya kwance famfo ba.

Nan ne makarantu irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi da Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta ke da rawar takawa, su da masu shirin 3MTT. A koya wa matasa aikin da waje ke saya, a haɗa musu da wanda gida ke buƙata. Iyaye kuma su saya wa yaro laftof da kuɗin amfanin gona, su bar masa gonar.