Mai Zanen Bango Ma Yana Da Suna

A watan Afrilu na 1926 wata sabuwar mujalla ta bayyana a teburan masu jarida na birnin Niyok, sunanta Amazing Stories, kuɗinta santi 25. Mai ita, Hugo Gernsback, baƙo ne daga Luksambag da ya yi suna a harkar kayan rediyo, kuma ya ƙudurta cewa babu abin da za a buga a cikinta sai ƙagaggun labaran kimiyya: tafiya sararin samaniya, halittun wasu duniyoyi, injinan da ba a ƙera ba tukuna. Kafin ita ba a taɓa yin mujallar da ta keɓe kanta ga irin wannan labari ba. To amma mai wucewa a titi ina ruwansa da wannan tarihi? Abin da ya tsayar da shi bango ne. Sama rawaya, duniyar Zuhal da zobenta ta cika sarari, mutane na sulu a kan ƙanƙara, ga jiragen ruwa sun maƙale a kan tudun ƙanƙara a bayansu.

Wanda ya zana wannan bango sunansa Frank R. Paul, haifaffen Ostiriya, wanda ya koyi zanen gine-gine. Wannan horo ya bayyana a aikinsa. Idan ya zana birni ko kumbo, sai ka ga kowace taga da kowace ƙusa a mazauninta, har ka yarda cewa abin zai iya tsayuwa, zai iya tashi. Fuskokin mutane kuwa ba su cika yi masa kyau ba, kuma masu ƙaunar aikinsa ba sa musun haka. Launukansa masu ƙarfi ne, ja da rawaya da shuɗi, domin mujallar tana gogayya da wasu da dama a teburi guda, kuma ido ne ke fara ciniki kafin aljihu.

Ga abin da bango guda ya yi. Wani yaro a ƙauyen Ingila, Arthur C. Clarke, ya ci karo da fitowar Nuwamba 1928, wadda Paul ya zana duniyar Mushtari a bangonta, ƙatuwa, ta rufe sama. Har tsufansa yana ambaton wannan hoto a rubuce-rubucensa. Yaron nan ne ya girma ya rubuta maƙala a 1945 inda ya bayyana yadda za a kafa tauraron ɗan'adam a wani nisa da zai riƙa juyawa daidai da juyawar duniya, a riƙa aika saƙon rediyo ta kansa. Farantin satalayit da ke kan rufin gidajenmu daga Kano zuwa Damagaram yana kallon irin wannan tauraro ne. Ban ce bango ne ya ƙera shi ba. Na ce bango ne ya fara ɗaga kan yaron zuwa sama.

Chesley Bonestell ya ɗauki abin zuwa wani mataki. A 1944 mujallar Life ta buga zanensa na Zuhal kamar yadda za a gan ta daga kan watanta Titan, an yi shi da lissafi da awo har mutane suka riƙa ɗaukarsa hoton kyamara. Daga 1952 mujallar Collier's ta haɗa shi da injiniyan roka Wernher von Braun suka nuna wa Amurkawa tashar sararin samaniya da saukar mutum a wata, shekaru 17 kafin a taka watan. Ya yi kuskure a wani wuri, domin duwatsun watansa masu tsini ne, waɗanda 'yan sama-jannatin Apollo suka tarar kuma masu sulɓi ne, zagayayyu. Wannan bai rage masa daraja ba. Aikinsa shi ne ya sa talaka mai biyan haraji ya ga abin da idonsa kafin a nemi kuɗinsa.

Wanda ya fi taɓa ni a cikinsu shi ne bangon Frank Kelly Freas na mujallar Astounding, Oktoba 1953. Wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe ne riƙe da gawar mutum a tafin hannunsa, jini a yatsansa, idanunsa cike da ruɗewa da roƙo, alamar bai san ƙarfinsa zai kashe ba. Babu harbi, babu wuta, babu gudu. Duk fargabar da ake yi yau game da injin da ya fi ƙarfin mai shi tana cikin wannan fuska, fiye da shekaru saba'in da suka wuce. A 1977 mawaƙan Queen suka nemi Freas ya sake zana shi don bangon faifansu.

Ba duka ne abin yabo ba, kuma bai kamata a ɓoye ba. Bango da yawa na wancan zamani tsiraicin mata suke sayarwa, mace cikin firgici a hannun wani dodo, ko da babu wannan a labarin da ke ciki. Baƙar fata kuwa da wuya ka gan shi a cikin kumbo, sai ka ce gobe ta Turawa ce kaɗai. Wannan ɓangare ba abin koyi ba ne.

Darasin da nake nufi yana cikin abin da ya sami zanen bayan an gama bugawa. A idon kamfanonin, zane kayan aiki ne na wata guda. A biya mai shi, a ɗauki hoto, a jingine allon a sito. Margaret Brundage, wadda ta yi wa mujallar Weird Tales bango fiye da 60 da alli mai launi, dala 90 ake biyan ta kowane ɗaya, kuma M. Brundage take sa hannu, har masu karatu da yawa suka zaci namiji ce. Da mujallar ta bar Shikago ta koma Niyok a 1938, aikinta ya ja baya, domin zanen alli ba ya jure doguwar tafiya, gogewa yake yi. Ta rasu a 1976 cikin talauci. Akasarin asalin zanen waɗannan mujallu sun salwanta, wasu an zubar, wasu an ƙone, wasu sun ruɓe a sito. Mujallun kansu a kan takarda mafi arha aka buga su, wadda ke yin ja tana marmashewa da kanta.

Su wa suka ceci abin da ya rage? Masu karatu. Yaran da suka sayi mujallar da kuɗin makarantarsu su ne suka ƙi yar da ita, suka jera ta bisa wata da shekara, suka rubuta wa edita wasiƙa suna yabon wannan mai zane suna kushe wancan. Da suka yi babban taronsu na farko a Niyok a 1939, babban baƙon da suka zaɓa ba marubuci ba ne, Frank R. Paul ne. Da suka fara ba da kyautar Hugo a 1953, sun sa mai zanen bango cikin waɗanda za a karrama tun a shekarar farko. Wani mutum, Robert Lesser, ya yi shekaru yana bin tsofaffin allunan nan yana saye tun ba su da daraja, daga baya ya miƙa su ga gidan tarihin zane na New Britain. Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside tana da sashe guda na waɗannan littattafai da mujallu. Yau akwai rumbun bayanai a intanet, wanda 'yan sa-kai ke cikawa, inda za ka nemi bugu kaza na littafi kaza ka ga sunan wanda ya yi bangonsa. A 2019 aka yi gwanjon wani zanen Frank Frazetta, wanda asalinsa bangon mujallar labari cikin zane ne, aka saye shi dala miliyan 5.4. Kuɗin ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne an san sunan mai shi, an san shekara, an san inda ya fara fitowa.

Mu ma muna da namu. A 1969, shekarar da aka sauka a wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da ya yi tafiya sararin samaniya. Dubban ɗalibai sun karanta shi. A tara su a tambaye su wa ya yi bangon, ko wa ya zana hotunan da ke cikin Magana Jari Ce da suka girma suna kallo, a ga hannu nawa zai tashi. Sannan ga littattafan da suka cika kasuwannin Kano daga shekarun 1980, na su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da ɗaruruwan wasu. Da yawa a cikin na farko-farkon da hannu aka zana bangonsu: saurayi da babbar riga, budurwa da gyale, mota a ƙofar gida, jarumi da takobi gaban aljani. Wanda ke son sanin yadda matasan Arewa suka yi ado, da irin gidan da suka yi mafarki a wancan lokaci, zai same shi a nan fiye da a kowane rahoto. Daga baya hotunan 'yan fim da haɗin kwamfuta suka ture zanen hannu, yanzu kuma labarin ya koma waya, bangon ma a waya ake haɗa shi cikin minti kaɗan.

An yi ƙoƙari wajen adana littattafan. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da kundin sunayen waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya daɗe yana kare wannan adabi da alƙalaminsa. Marubutan sun samu masu nazarinsu. Masu zanen ne har yanzu ke zaune a gefe. Mun fi Amurkawa sa'a ta fuska ɗaya, domin zamanin namu bai yi nisa ba, waɗanda suka yi aikin da maɗaba'un da suka buga da 'yan kasuwar da suka sayar ana iya samun da yawansu a yi hira da su. Mun fi su haɗari ta wata fuskar, domin ga gara, ga damina, ga mai ƙosai na jiran takarda.

Ina kira ga ƙungiyoyin marubuta su sa mai zanen bango cikin waɗanda suke karramawa, kuma kowane marubuci ya rubuta sunan wanda ya yi masa bango a shafin farko. Ɗaliban sashen Hausa da na zane a jami'o'inmu da ke neman abin da za su yi kundi a kai, ga fage a buɗe. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsohon akwatin littattafan yayarka ko na mahaifiyarka a ɗaki, ka fito da shi ka kakkaɓe. Ka ɗauki hoton kowane bango gaba da baya, ka duba kusurwar ƙasa ko akwai sa hannu, ka rubuta sunan da shekarar, ka ajiye littafin inda ruwa ba zai kai ba.