Kada Mu Goge Sunan Kowa Daga Jerin Gasa



Duk wanda ya taɓa zama a taron malaman wasanni ya san yadda ake jefa ƙuri'ar gasa. Akan rubuta sunan kowace makaranta a guntuwar takarda, a naɗe, a zuba cikin hula, sannan a kira mafi ƙuruciya a cikinmu ya riƙa zaro biyu-biyu. A wani zama irin wannan da wasunmu suka halarta, da aka zo kan sunan wata makaranta ta bakin daji, sai mai rubutu ya ɗaga alƙalami ya ce, "Malam, a sa su kuwa? Ai ba za su zo ba." Babu wanda ya yi musu, kuma ba a sa su ba. Muka yi addu'a muka watse. Sai bayan kwanaki abin ya fara ci mana rai, domin a wannan safiya mun raba yaran wani gari da 'yan uwansu ba tare da mun tambaye su ko malamansu ba.

Ra'ayinmu a kan wannan shi ne, gasar wasanni tsakanin makarantu tana tsayuwa ne a kan jerin sunayen waɗanda ke cikinta. Kofi da garkuwa ado ne. Ranar da suna ya fita daga jerin, ranar muka amince a zuci cewa wannan makaranta ta fita daga cikinmu. Don haka muke kira da a kafa gasar shiyya mai rubutaccen jerin mambobi ga makarantun sakandaren Batsari da Safana da Ɗanmusa, kuma a yi ƙa'ida cewa rashin tsaro ba ya fitar da kowa daga cikinta.

Domin a gane nauyin maganar, ya kamata mu waiwayi inda aka faro. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. An kafa ta ne don horar da malamai, wato ita ce uwar sana'armu a Arewa. Ɗalibanta sun fito daga larduna masu nisa da juna: Ahmadu Bello daga Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauchi, Kashim Ibrahim daga Barno, Aliyu Makaman Bida daga ƙasar Nufe. Abin da ya haɗa su bai tsaya a aji ba. Sun haɗu a filin kurket, sun haɗu a wasan fayif, wato ƙwallon nan da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, kuma har yau ana buga shi a birnin Katsina. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Mutanen da suka jagoranci Arewa zuwa samun 'yancin kai a 1960 sun san halin juna tun a fili, kafin su haɗu a majalisa.

A wancan zamani makarantu kaɗan ne, kuma mafi yawansu na kwana ne. Kusan kowane lardi yana da Midil ɗinsa, irin Midil ta Katsina wadda daga baya ta zama sakandaren lardi, sannan Kwalejin Gwamnati. Akwai wasannin ranar 24 ga Mayu, ranar bikin daular Ingila, akwai kuma Garkuwar Hussey, mai ɗauke da sunan wani daraktan ilimi na zamanin Turawa, wadda ɗalibai ke fafatawa a kanta a guje-guje da tsalle-tsalle. Bai kamata mu yi wa wannan tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Gasa ce ta 'yan ƙalilan. Yaron Ruma ko na Runka da bai samu gurbi a makarantar birni ba, ba shi da suna a ko'ina. Filinsa shi ne dandali, wasansa langa da kokawa, kuma babu mai rubuta wanda ya yi nasara.

Daga nan jerin sunaye ya riƙa bin taswirar mulki. A 1967 Lardin Katsina ya shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna zuwa Jihar Kaduna a 1976, sai ɗalibanmu suka riƙa karawa da na Zariya da Kafanchan. A 1973 aka fara bikin wasanni na ƙasa a Legas, ba da jimawa ba bayan yaƙin basasa, da niyyar ɗinke ɓarakar da yaƙin ya bari. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, kuma da waɗannan yara suka gama firamare dole aka buɗe sakandaren jeka-ka-dawo a garuruwan da ba su taɓa ganin sakandare ba. Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiri Jihar Katsina. A kowane mataki jerin yana ƙara faɗi, har ya iso ƙofar gidajenmu. Wannan shi ne babban abin da tarihin ya ba mu: sai da aka shafe shekaru da dama kafin sunan makarantar ƙauye ya zauna a takarda ɗaya da sunan makarantar birni. Abin da aka samu da irin wannan jinkiri bai kamata a zubar da shi da kalmar "ai ba za su zo ba".

Mun san dalilin da ya sa ba sa zuwa, domin a cikinsa muke kwana muke tashi. Muna zaune ne a gefen Dajin Rugu. Ba mu manta da abin da ya auku a Tsauwa da Ɗankar a watan Fabrairun 2020 ba. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa aka rufe makarantun kwana a jihar. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana da Ɗanmusa. A irin wannan hali malamin da ya ƙi ɗora yara a mota bai yi laifi ba, amana ya tsare. Uban da ya hana ɗansa tafiya wasa a wani gari shi ma yana da hujja. Duk wanda zai yi maganar gasa a wannan yanki ba tare da ya fara da ran yaro ba, bai cancanci a saurare shi ba.

To amma rashin zuwa daban, gogewa daban. Makarantar da ta kasa halarta bana, idan sunanta yana nan, baɗi za a aika mata da takarda, malaminta zai tara yara su fara motsa jiki, shugabanta zai nemi a share fili. Wadda aka goge kuwa, babu mai tunawa da ita. Bayan shekara biyu ko uku filinta ya zama gonar rogo ko an yanka shi fuloti, turakun raga sun zama itacen girki, malamin wasanni an mai da shi wani darasi. Ko da zaman lafiya ya dawo, babu abin da za a koma a tarar.

Wasu 'yan uwa suna cewa, da wane za mu ji? Ga ƙarancin malamai, ga rufin aji yana yoyo, ga jarrabawar fita tana tafe. Magana ce mai nauyi, kuma ba mu ce wasa ya fi karatu ba. Sai dai mu da muke riƙe da rajistar aji mun ga wani abu da idonmu. Akwai yaron da ba ya fashi a zangon da ake shirin gasar gidaje, domin ya san gidansu na dogara da ƙafarsa. Akwai yaron da ya baro ƙauyensu da dare, ya zo ya zauna a bayan aji ba ya magana da kowa, sai ranar da aka ba shi sanda a tseren miƙa sanda aka ji muryarsa. Kuma a yankin da gaba ta shiga tsakanin maƙwabtan da kakanninsu suka ci kasuwa ɗaya, fili yana daga cikin wurare kaɗan da ɗan manomi da ɗan makiyayi za su sa riga iri ɗaya, su ji usur ɗaya, su bi doka ɗaya. Zumunta a ƙafa take, kuma yaran da ba su taɓa taka garin juna ba, da wuya su girma suna ganin juna a matsayin 'yan uwa.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma ba ya buƙatar kuɗi masu yawa.

Na farko, a rubuta jerin dukkan makarantun sakandare na ƙananan hukumomin nan uku, waɗanda dama mazaɓar tarayya ɗaya suke, ƙanana da manya, na maza da na mata. Wadda ta kasa zuwa a rubuta a gaban sunanta cewa ta ba da uzuri. Idan an kwashe ɗalibanta zuwa wata makaranta a cikin gari, a bar su su yi gudu da sunan makarantarsu ta asali, ko da su uku ne.

Na biyu, a rage tafiya. Makarantun kowace ƙaramar hukuma su kara a tsakaninsu, a fara da hantsi a tashi kafin la'asar, babu kwana, babu tafiyar yamma. Wasan ƙarshe kaɗai zai haɗa ukun, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin Batsari da Safana da Ɗanmusa. Kada a tsai da rana sai an shawarci jami'an tsaro da iyayen ƙasa, irin su Sarkin Ruma da Yariman Katsina, da kuma ƙungiyar iyaye da malamai. Idan suka ce a ɗage, a ɗage ba tare da jayayya ba, a sa wata rana.

Na uku, a fara da abin da muke da shi. Gudu ba ya buƙatar komai sai fili da farar ƙasa. Haka dogon tsalle da jan igiya. A shigar da langa da kokawa cikin jadawali a ba su maki daidai da ƙwallon ƙafa, domin yaron ƙauye ya shigo da abin da ya iya tun daga gida. 'Yan mata kuma a ba su ranarsu, da suturar da iyaye suka yarda da ita, a ƙarƙashin kulawar malamai mata. Jerin da babu su a ciki rabin jeri ne.

Na huɗu, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, mu daina hayar 'yan wasa. Duk mun san yadda akan ɗauko ƙato daga ƙungiyar gari, a aske masa gemu, a sa masa rigar makaranta. Wannan ma goge suna ne, domin an cire ɗalibi na gaskiya an sa baƙo a gurbinsa, kuma an koya wa yara cewa malaminsu yana yarda da maguɗi idan akwai kofi a gaba. Wanda muka koya wa maguɗi a fili, da wace fuska za mu hana shi satar amsa a ɗakin jarrabawa? Duk ɗan wasa ya zo da shaidar rajistar ajinsa da sa hannun shugaban makaranta.

Na biyar, a sayi littafi mai kauri a rubuta komai: wa ya zo, wa ya ba da uzuri, wa ya ci, da sunan malamin da ya raka yara. Yawancin abin da magabatanmu suka yi a filayen nan ya tafi tare da su saboda ba a rubuta ba. Haka kuma kuɗin mota da na ruwan sha bai kamata ya ci gaba da fita daga aljihun malamin wasanni ba, kuma kada a ɗora wa iyaye haraji na dole. Muna roƙon hukumomin ilimi da majalisun ƙananan hukumomi da tsofaffin ɗalibai su ɗauki wannan ɗan nauyi, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Burinmu a nan gaba shi ne mu ga yaron Wagini ko na Zakka ya wakilci shiyyarmu a Filin Wasa na Muhammadu Dikko a Katsina. Amma ba daga can za a fara ba. Za a fara ne daga zama na gaba, lokacin da za a sake ajiye hula a kan tebur. Muna roƙon duk ɗan uwan da alƙalami ya faɗo hannunsa a ranar ya rubuta kowane suna, har da na waɗanda yake da yaƙinin ba za su zo ba, sannan a aika musu da takardar gayyata. Idan ba su zo ba, sun dai san muna jiran su.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, ya tsare mana ɗalibanmu a aji da fili da kan hanya. Amin.