Hoton infirared ba ƙarya ba ne, amma a gaya wa mai kallo wanda ya zaɓi launinsa

Ɗauki rimot ɗin talabijin, ka saita bakinsa ga kyamarar wayarka, sannan ka danna kowane maɓalli. A wayoyi da dama, musamman ta kyamarar gaba, za ka ga wani haske mai launin shunayya yana walƙiya, alhali idonka bai ga komai ba. Wannan shi ne hasken infirared, wanda ke bayan launin ja, inda ganin ɗan Adam ya tsaya.

Masanin taurari William Herschel ne ya gano shi a Ingila a shekarar 1800. Idon mutum yana ganin haske ne daga kusan nanomita 400 zuwa 700, amma na'urar da ke karɓar haske a cikin kyamarar zamani tana kaiwa har kusan 1,100. Shi ya sa kamfanoni ke sanya wani siririn gilashi a gabanta domin ya tare rarar. Mai son ɗaukar hoton infirared yakan sa a cire masa wannan gilashi, ko kuma ya ɗaura matacin haske irin su Hoya R72 a bakin kyamara, ya kafa ta a kan ƙafafunta ya jira daƙiƙoƙi kafin hoton ya kama.

Abin da ke fitowa yana da ban mamaki. Ganyen bishiya ya zama fari fat, sararin sama ya yi duhu, ruwa ya koma baƙi. Dalili shi ne ɗanyen ganye yana mayar da mafi yawan wannan haske maimakon ya shanye shi. Wani masani Ba'amurke, Robert Wood, ya wallafa irin waɗannan hotuna tun 1910. A lura, wannan daban yake da kyamarar da ke gano zafin jiki.

To ina matsalar take? Hasken da ido ba ya gani ba shi da launi. Hoton yakan fito daga kyamara jajaja-jajaja, ba kyan gani. Sai an shiga manhaja irin su Photoshop ko GIMP, a daidaita fari, a musanya gurbin ja da na shuɗi, kafin sama ta dawo shuɗiya, bishiyoyi su zama farare ko ruwan hoda ko ruwan zinare. Duk launin da ka gani a ƙarshe, wani ne ya zauna ya zaɓa.

A nan ne nake ganin mutane sun kasu gida biyu, kuma duka sun kuskure. Wasu da zarar sun ga bishiya ruwan hoda sai su ce aikin ƙirƙirarriyar basira ne, su yi watsi da hoton. Wasu kuma su yarda cewa akwai wata ƙasa da itatuwanta haka suke, su ci gaba da turawa a WhatsApp. Gaskiyar ita ce wurin yana nan, bishiyar tana nan, hasken ma da gaske ya shiga kyamara. Launin ne kawai aro.

Saboda haka ra'ayina shi ne: duk wanda zai wallafa hoton infirared, ɗan jarida ne ko mai zane ko mai shafin sada zumunta, wajibi ne ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa da wannan haske aka ɗauka, kuma an sauya launi a kwamfuta. Layi ɗaya ya isa.

Masana kimiyya sun daɗe da bin wannan ƙa'ida. Taurarin ɗan Adam na Landsat, da Amurka ta fara harbawa a 1972, suna ɗaukar doron ƙasa da infirared, kuma a hotunansu da dama tsirrai kan fito da launin ja. Da irinsu aka nuna wa duniya yadda Tafkin Chadi ya ja baya tun daga shekarun 1970. Wanda ba a yi wa bayani ba zai iya ɗaukar jan nan a matsayin gobara ko ƙasar da ta ƙone, alhali ciyawa ce da ta fito inda ruwa ya janye. Haka ma hotunan madubin hangen nesa na James Webb da aka fara fitarwa a Yulin 2022: hukumar NASA ba ta ɓoye cewa ita ce ke ba su launi ba, kuma hakan bai rage musu daraja ba.

Za a iya cewa mai fasaha ba malamin kimiyya ba ne, bai kamata a tilasta masa fassara aikinsa ba. Amma a dubi Richard Mosse, ɗan ƙasar Ailan, wanda ya ɗauki yaƙin gabashin Kongo da fim ɗin infirared na Kodak Aerochrome, wanda asalinsa don gano kayan ɓad-da-kama na soja aka ƙera shi. Tsaunuka da dazuzzuka suka fito ruwan hoda, ga mayaƙa riƙe da bindigogi. Aikin ya ci masa kyautar Deutsche Börse a 2014. Wasu sun soke shi da cewa ya ƙawata wahalar mutane, amma ba a kama shi da yaudara ba, domin tun farko ya bayyana abin da ya yi amfani da shi. Bayanin ma shi ne ƙarfin aikin: yaƙin da duniya ta ƙi gani, an ɗauke shi da hasken da ido ba ya gani.

A yau da wayoyinmu suka cika da hotunan bogi, amincewar mai kallo ita ce jarin mai ɗaukar hoto. Idan ya bar mutane suna kokwanto kan hoton gaskiya saboda ya ƙi rubuta layi ɗaya, ranar da zai kawo shaidar wani abu mai muhimmanci ba zai sami mai yarda da shi ba. Shi kuma mai karatu, idan ya ga farar bishiya a ƙarƙashin baƙar sama, kafin ya tura ko ya ƙaryata, ya fara tambaya: da wane haske aka ɗauka, kuma wa ya zaɓi launin?