Karayar gindin ƙoƙon kai: Raunin da ke ɓuya bayan hatsarin babur a Gwaram da Birnin Kudu

A ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, babur ne motar zuwa kasuwa, shi ne kuma motar ɗaukar marar lafiya. Idan aka yi hatsari mutum ya miƙe da ƙafarsa, akan yi masa barka da arziki a wuce gida. Amma akwai karayar da ba ta hana tafiya: ta gindin ƙoƙon kai, wato ƙashin da ƙwaƙwalwa ke zaune a kansa.

Alamominta kan yi jinkiri. Taruwar jini a kewayen idanu ko a bayan kunne na iya ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana. Wadda ta fi hatsari ita ce ɗigar ruwa garai-garai daga hanci ko kunne, wanda iyali kan ɗauka mura ce. Wannan ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne, kuma ta kafar da ya fito ƙwayoyin cuta ke shiga su haddasa sanƙarau. Toshe kunnen da auduga ko fyace hanci na ƙara dagula lamarin, kuma ba aikin maɗori ba ne.

Hoton ƙashi na yau da kullum kan kasa nuna wannan karaya, sai hoton CT. Akasari ba a buƙatar tiyata: ana kwantar da majinyaci a ɗaga kansa, a sa masa ido, yoyon kan tsaya cikin kusan mako guda. Idan ya ƙi tsayawa, ko jini ya taru a cikin kai, sai likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Birnin Kudu.

Saboda haka nauyin yana kan ma'aikacin lafiyar da ya fara ganin majinyacin. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa ta ba kowane ƙaramin asibiti rubutaccen umarni kan wanda za a tura Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ba tare da jira ba, a kuma sanar da iyalin wanda aka sallama alamomin da za su sa a dawo da shi.

Ita kuwa dokar sanya hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilastawa a Janairun 2009, da wuya a ga ɗan acaɓa ɗaya da ke bin ta a ranar kasuwa.