Gyaran Fili Ba Fenti Ba Ne



Duk lokacin da aka tada maganar gyaran filin wasa na tunawa da Sardauna da ke Gusau, mu ne kan gaba wajen murna. Shi ne babban filin jiharmu, gidan ƙungiyar Zamfara United, kuma babu yaron da ke buga ƙwallo a Gusau ko Tsafe ko Bungudu da ba ya mafarkin wata rana ya taka shi sanye da rigar makarantarsu. Sunan da ke kansa ma ba ƙarami ba ne. Sir Ahmadu Bello ya zauna aiki a nan Gusau daga 1938, shekarar da aka naɗa shi Sardauna, kuma an san shi da son wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Katsina.

Amma muna da tambaya guda: bayan an yanke kyalle, manyan baƙi sun watse, wa zai riƙa ba ciyawa ruwa?

Ba don neman magana muka yi wannan tambaya ba. Filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas an buɗe shi a 1972. A nan Nijeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema ta ɗauki Kofin Afirka a 1980. Duk da wannan tarihi, an bar shi shekara da shekaru yana lalacewa. Na Abuja, mai cin mutum kusan 60,000, an gina shi ne don wasannin Afirka na 2003. Ciyawarsa ta mutu, Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin sabunta ta, aka buga wasan Nijeriya da Ghana a kanta ranar 29 ga Maris, 2022. Ba a daɗe ba aka koma kuka da ita, Super Eagles suka mayar da wasanninsu na gida Uyo. Kuɗin gyara an samu, mai kulawa ne aka rasa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, kafin mu nuna wa manya yatsa, mu leƙa bayan ajinmu. Filin makarantarmu tsufa ya kama shi. Ƙarafan ragar gabas sun yi tsatsa har sun karkace. Tsakiyar fili ta zama hanya, domin mu da kanmu muke ratsa ta don yanke tafiya zuwa ƙofa. Da damina ruwa yakan kwanta a gaban raga kwana da kwanaki, da rani kuwa ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Inda katanga ta zube, nan awaki ke shigowa su cinye ɗan abin da ya tsiro. Duk wanda ya taɓa tsaron raga a filin nan yana da tabo a gwiwa da zai nuna muku.

Amma duk shekara, idan gasar wasanni tsakanin gidaje ta matso, me muke yi? A sayo fenti a shafa wa ƙarafa, a ja layi da toka, a kafa rumfa. Kwana uku bayan gasa komai ya koma gidan jiya. Wannan kwalliya ce, ba gyara ba.

A ganinmu gyaran gaskiya daga ƙasa yake farawa. Na farko, hanyar ruwa. Fili mai kyau tsakiyarsa takan ɗan fi gefe tudu, yadda ruwan sama zai gangara ya bi lambatu ya fita. A cike ramukan, a haƙa magudana tun kafin ruwan watan Yuni ya sauka. Na biyu, a toshe katanga. Wannan ba don awaki kaɗai ba ne. A halin tsaron da jiharmu ke ciki, babu uban da hankalinsa zai kwanta ɗansa yana atisaye da yamma a filin da kowa ke iya shigowa. Na uku, a dasa ciyawa mai jure rana irin kirikiri a farkon damina, a hana taka ta har sai ta kama. Na huɗu, a jera dogon yaro a gefe saboda inuwa da tare iskar hunturu. Fenti shi ne na ƙarshe.

Mun san wasu za su ce: ana fama da ƙarancin kujeru da littattafai, wa ke ta fili? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a taɓa kuɗin kujera ba. Yawancin abin da muka lissafa ƙarfi yake buƙata, ba miliyoyi ba. Sannan fili ba kishiyar aji ba ne. Yaron da ya gaji da gudu da la'asar ba shi da lokacin zaman majalisar banza. 'Yan uwanmu mata ma suna da haƙƙin samun wuri killatacce da za su motsa jiki.

Don haka muna roƙon Shugaban Makaranta, cikin ladabi, ya sa filin nan cikin abin da za a tattauna a taron iyaye da malamai mai zuwa. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta taimaka da bulo da siminti. Malamin wasanni ya raba filin kashi-kashi, kowane gida ya san ɓangarensa, a kuma sa makin kula da fili cikin makin gasa. Gidan da ya bar nasa ya bushe, kada ya ɗauki kofi ko da 'yan tserensa sun fi barewa gudu.

Namu alkawarin kuma ga shi: daga ranar Litinin, babu ɗan wannan ƙungiya da zai ƙara ratsa tsakiyar fili. Wanda ya ga ɗayanmu ya taka, ya rubuto sunansa, za mu liƙa shi a wannan allo.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta