Sharhi: Kundin digiri na saye bashi ne, kuma ranar biya na tafe

Gwamnatin tarayya ta ce daga ranar 6 ga Oktoba 2025, hukumar NYSC ba za ta ɗauki wanda ya gama makaranta ba, ba kuma za ta ba shi takardar yafe hidimar ƙasa ba, sai ya nuna shaidar ya ajiye kundin bincikensa a rumbun ajiya na ƙasa da ake kira NERD. Kowane kundi zai shiga rumbun ɗauke da sunan ɗalibi, da malamin da ya duba shi, da shugaban sashe. Da yawa sun ɗauka maganar 'yan bautar ƙasa ce kawai. Ni a ganina ta fi shafar masu digiri na biyu da na uku, domin su darajar takardarsu kacokan a kan kundin take.

Mu nan Kudu mun san yadda yaranmu ke wannan karatu. Yawanci ba zaune suke a makaranta ba. Wani yana canji, wani yana Mile 12 tun asuba, wata tana koyarwa a Islamiyya a Sabo, sai Asabar da Lahadi a ruga LASU ko Jami'ar Ibadan ko cibiyar NOUN. Darussa sukan wuce lafiya. Da an zo kan kundi sai gajiya ta kama mutum, nan ne wani zai raɗa masa cewa akwai masu rubutawa a shagunan kwamfuta na bakin makaranta, babi ɗaya zuwa biyar, kawo kuɗi kawai.

A da, irin wannan kundi kan ƙare a kan kanta a ɗakin karatu, ƙura ta binne shi. To yanzu zai shiga na'ura, inda manhaja irin Turnitin ke gwada rubutu da rubutu cikin mintuna. Mai rubuta maka kuwa ba kai kaɗai ya sayar wa ba. Babi na biyun da ya ba ka, wataƙila shi ya ba wani a Benin bara.

Kuma abin ba ya tsufa. A Jamus, Annette Schavan ta rubuta kundin digirinta na uku a 1980. A 2013, bayan shekara 33, Jami'ar Dusseldorf ta ƙwace digirin saboda satar rubutu, tana kan kujerar ministar ilimi, dole ta sauka. Kafin ita, ministan tsaron ƙasar, Guttenberg, ya ajiye muƙami a 2011 kan irin wannan laifi. A gida ma mun ga yadda maganar takardu ta ci kujerar Salisu Buhari a 1999 da ta Kemi Adeosun a 2018. Ku lura, babu wanda aka tono lokacin da yake ba kowa ba. Sai ka hau, ka tara abokan hamayya, sannan a je a buɗo fayil. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Amma akwai laifin da ya fi damuna, wanda manhaja ba ta iya kamawa: ƙirƙirar alƙaluma. Ɗalibi ya ce ya raba takardun tambayoyi ɗari uku a Agege, alhali shi da abokansa biyu ne suka cike su a ɗaki da biro kala-kala. Ko ya ce wa ChatGPT ta kawo masa manazarta, ta jero sunayen littattafan da ba a taɓa wallafawa ba, shi kuma ya kwafe bai duba ba.

Me ya sa wannan ya shafe mu kai tsaye? Saboda mu ne ake bincike a kanmu. 'Yan acaɓa, almajirai, masu jari-bola, 'yan kasuwar shanu, matan zango da zuwa asibiti, duk batutuwan kundi ne a jami'o'in Kudu. Abner Cohen ya zauna da mutanen Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969, har yau duk mai rubutu kan Hausawan Kudu sai ya koma gare shi. Haka rubutu yake daɗewa. Idan ɗanmu da ke jin yaren, wanda za a buɗe wa zaure a gaya masa gaskiya, shi ne ya zauna ya ƙaga lambobi, to ƙaryar ce wani zai ɗauka gobe ya kafa hujja da ita lokacin da ake shawarar tashin kasuwa ko hana sana'a. Wa za mu kai ƙara?

Ga kuma maganar suna. Bayan da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa a Disambar 2023 yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Waɗanda suka yi karatun gaske a can su ma zargin ya shafe su. Mu da muke zaman baƙunci, ko da an haifi kakanninmu a nan, mun fi kowa sanin wannan: mutum ɗaya ya yi, a ce "Hausawa ne".

Ba ɗalibai kaɗai ke da laifi ba, wannan gaskiya ne. Akwai malamin da zai riƙe babi wata shida bai buɗe ba, akwai mai jiran ambulan, akwai mai neman abin da ya fi kuɗi muni daga ɗaliba. Irin wannan ne ke tura wasu wajen 'yan rubutun haya. To amma tunda sunan malami ma zai shiga rumbun tare da na ɗalibi, shi ma yanzu wuyansa na ciki. Ɗalibin da aka matsa wa ya rubuta koke zuwa shugaban makarantar gaba da digiri, ya ajiye kwafi, ya nemi a canza masa mai dubawa. Ya fi sayen kundi arha nesa ba kusa ba.

Shawarata ga masu karatun: ku nemi littafin dokokin makarantarku tun zangon farko ku karanta sashen ladabtarwa. Duk jimlar da ba taku ba, ku faɗi mai ita. Ku adana takardun tambayoyi da muryoyin da kuka naɗa, ko bayan an gama kare kundi. Wanda Turanci ke ba wahala ya ba wani ya gyara masa nahawu, wannan daban yake da a rubuta masa tunani. In lokaci ya ƙure, a nemi ƙarin zango.

Iyaye kuma, don Allah a daina tambayar "yaushe za ka gama?" kawai, a riƙa haɗawa da "me ka gano?". Ƙungiyoyin ɗalibanmu da fadojin Sarkin Hausawa za su iya haɗa masu digiri na uku da muke da su da ƙannensu, ko sau ɗaya a wata, a duba musu aiki kyauta.

Kasuwancinmu a Kudu da amana aka gina shi. Mutum ya loda tirelar albasa daga Aliero, ya turo wa wanda bai karɓi ko sisi a hannunsa ba, ya kwanta ya yi barci. Bai kamata 'ya'yan waɗannan mutane su sa hannu a kan aikin da ba nasu ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Allah ya sa mu dace.